Sharhin filtar ND1000: abin da ta iya da abin da ta kasa a bakin teku da gindin matsirga

Filtar ND1000 gilashi ce mai duhu wadda ake murɗawa a bakin lensin kyamara domin ta tare haske, ba ta barin komai ya wuce sai kashi ɗaya cikin 1,024, abin da masu sana'ar hoto suke ƙirgawa da mataki 10, tunda kowane mataki yana raba hasken gida biyu ne. Amfaninta shi ne ta ba mai ɗaukar hoto damar barin shota, wato murfin da ke buɗewa haske ya shiga kyamara, a buɗe na tsawon sakanni masu yawa, wani lokaci har mintuna, ko da kuwa gari ya waye sosai, ta yadda duk abin da yake motsi, ruwa ne ko gajimare, zai narke ya zama shafe mai laushi, duwatsu da gine-gine kuma su tsaya daram da kaifinsu. Kamfanoni irin su Lee da NiSi da Hoya da B+W duk suna ƙera ta. Tawa mai zagaye ce, faɗinta milimita 77, farashinta matsakaici, kuma na yi aiki da ita a gaɓar Cape Coast ta ƙasar Ghana, da Tarkwa Bay a Legas, da matsirgar Gurara a Jihar Neja. Hukuncin da na yanke shi ne kaya ce mai kyau wadda take yin abin da aka ce za ta yi, amma bai kamata ta zama filtar farko da mai sha'awar hoton teku zai zuba kuɗinsa a kanta ba, duk da cewa ita ce aka fi tallatawa.

Ta fuskar ƙira ba ni da ƙorafi. Zaren murɗawar yana shiga ba gardama, kuma rufin da aka yi wa gilashin yana sa ɗigon ruwa ya dunƙule maimakon ya bazu, wanda duk mai aiki kusa da feshin teku zai gode masa. Shawarar da zan bayar a nan ita ce mutum ya sayi wadda ta dace da lensinsa mafi faɗin baki, sannan ya haɗa da zobban ƙarin faɗi masu araha domin sauran lensunan, maimakon ya sayi filta ga kowanne.

Wahalar tana farawa ne da zarar an murɗa ta. Duhunta ya kai yadda mai kyamarar madubi, wato irin wadda madubin cikinta yake nuna wa ido abin da lensi yake gani, ba ya ganin komai ta tagar leƙawa, kuma fokas mai sarrafa kansa yakan yi ta kai da kawowa bai kama komai ba. Saboda haka tilas ne a gama komai kafin a sa ta: a tsara hoton, a saita fokas, a mayar da shi na hannu domin kada ya motsa, a kashe na'urar hana girgiza tunda kyamarar tana kan maɗori mai ƙafa uku, a auna hasken, sannan a ninka lokacin. Lissafin ba mai wuya ba ne. Abin da kyamara ta auna a 1/125 na sakan zai koma sakan 8, na 1/60 ya koma wajen sakan 16, na 1/30 ya koma wajen sakan 30, wanda nan ne iyakar yawancin kyamarori kafin a shiga tsarin Bulb inda ake riƙe shota da rimot. Mai kyamarar madubi kuma sai ya toshe tagar leƙawa, domin hasken da yake shiga ta baya yana barin jan tabo a tsakiyar hoto. Inda mai zagaye ta gaza masu kusurwa huɗu da ake zurawa a cikin mariƙi, ko masu maganaɗisu da ake mannawa, shi ne duk lokacin da aka so a gyara tsarin hoto sai an kwance ta an sake murɗawa, kuma a garin murɗawar yatsa yakan taɓa zoben fokas ba tare da mutum ya lura ba, sai an gama jiran minti guda a ga hoton ya fito dishi-dishi.

A Cape Coast ne na fahimci iyakarta. Gidan kurkukun bayi na garin, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1979 tare da sauran ganuwoyin gaɓar Ghana, yana zaune ne a kan duwatsu, kuma igiyar Atlantika tana dukan duwatsun nan da ƙarfi, ta fashe, ta watsa farin kumfa cikin tsagoginsu, sannan ta ja da baya tana barin zare-zaren fari a kan baƙin dutse. Wannan ja da bayan shi ne kyan wurin. Da na sa ND1000 na buɗe shota sakan 30, duk ya tafi. Tekun ya kwanta fari fat kamar kindirmo a ƙwarya, duwatsun suna leƙowa ta cikinsa, hoton ya yi kyau irin kyan da ake gani a allon kwamfuta, amma babu wanda zai dube shi ya san cewa ruwan wurin yana da fushi. Dalilin a bayyane yake: a cikin sakan 30 igiyoyi da dama sun zo sun koma, sensa kuma, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, ta tattara su ta fitar da matsakaicinsu, kuma matsakaicin motsi ba ya da siffa. Zare-zaren kumfa suna fitowa ne tsakanin rabin sakan da sakan 2, kuma sai an danna shota a daidai lokacin da igiyar ta gama hawa ta fara janyewa, ba lokacin da take tahowa ba. Filtar da take kai mutum wannan zangon da hasken la'asar sakaliya ita ce ND64 mai mataki 6, wadda take mayar da 1/125 ya zama rabin sakan, 1/60 ya zama sakan ɗaya, 1/30 ya zama sakan 2. Ita kuma ba ta rufe wa mutum ido gaba ɗaya, ana iya gani ta cikinta a gyara tsari ba sai an cire ba. Ana iya tilasta wa ND1000 ta sauko wannan zangon ta hanyar ɗaga ISO, wato ma'aunin yadda kyamara take jin haske, da buɗe idon lensi, amma wannan biyan kuɗi ne domin a tare haske sannan a koma ana roƙonsa.

Da yamma lamarin ya fi tsananta, kuma a nan akwai abin da shawarwarin masu hoto na Turai ba sa la'akari da shi. A Ingila ko Norway, musamman da bazararsu, hasken bayan faɗuwar rana yana daɗewa, mai hoto yana da sukunin gwadawa ya sake gwadawa. A gaɓar Tekun Gini kuwa, da yake kusa take da tsakiyar duniya, rana tana faɗawa kusan a miƙe, kuma cikin minti ashirin da 'yan kai bayan ta ɓace duhu ya fara rufewa. Idan kyamara ta auna 1/4 na sakan a wannan lokacin, ND1000 za ta mayar da shi sakan 256, wato minti huɗu da ɗoriya. Idan kuma an kunna tsarin rage tsaki-tsakin dogon ɗauka, kyamarar za ta sake ɗaukar wani baƙin hoto mai tsawon lokaci iri ɗaya domin ta cire ɗigon da zafin sensa ya haifar, sai hoto ɗaya ya ci fiye da minti takwas. Ƙari a kan haka, hasken yana raguwa ne ana cikin ɗaukar, don haka lissafin da aka yi a farko yakan gaza, hoton ya fito da duhu. Kafin duhu ya rufe da wuya mutum ya samu fiye da hotuna biyu, kuma yana iya rasa duka biyun. Ga shi gaɓar Legas da ta Ghana kudu suke fuskanta, rana ba ta faɗawa cikin ruwan kai tsaye, launin yana zuwa ne ta gefe, yana kuma canzawa da sauri.

Inda ta nuna gwanintarta shi ne sararin sama. A ranar da gajimare yake tafiya da iska, musamman da damina kafin hadari ya haɗu ko bayan an ɗauke ruwa, minti ɗaya zuwa biyu yana ja gajimaren ya zama dogayen layuka, kuma hoton ya fi armashi idan gajimaren yana tahowa wajen kyamara ne ko yana gudu daga gare ta, ba yana gilmawa ba. A Tarkwa Bay, inda jerin duwatsun da aka zuba domin kare mashigin tashar jiragen ruwa suka sa ruwan ya lafa, na samu hotunan da na fi alfahari da su daga wannan filtar, domin ƙananan tunkuɗe-tunkuɗen ruwan da suke cika hoto da hayaniya sun goge, layin duwatsun ya fito shi kaɗai. Tana kuma share mutane. Duk wanda yake tafiya ba ya tsayawa wuri ɗaya har ya bar alama, wanda ba sabon abu ba ne a tarihin hoto: a hoton da Louis Daguerre ya ɗauka na titin Boulevard du Temple a birnin Paris a 1838, titin ya fito kamar babu kowa saboda an ɗauki mintuna ana ɗaukarsa, sai wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi. Da hunturu kuwa, lokacin da hazo ya mayar da sama launi ɗaya, babu abin da za ta ja, gara a bar ta a jaka. Kuma kada a zaci mataki 10 yana da yawa ga ranarmu: da azahar, a ISO 100 da idon lensi a kan f/11, ba za ta ba da fiye da wajen sakan 5 ba, mai son mintuna a wannan lokacin sai ya nemi mai mataki 15.

A Gurara ba ta yi mini wani amfani na a zo a gani ba. Ruwan da yake faɗowa daga sama yana da saurin da kwatan sakan zuwa sakan ɗaya ya ishe shi ya yi laushi, abin da ya wuce haka sai farin ya cushe ya rasa zane, ganyayen bishiyoyin gefe kuma su ɓata saboda iska. Filtar kashe ƙyalli, wadda take rage haske da mataki ɗaya zuwa biyu tana kuma cire walƙiyar jiƙaƙƙen dutse, ta fi ta aiki a wurin nesa ba kusa ba.

Batun launi shi ne inda filtoci masu duhu suke bambanta da juna. Tawa tana karkatar da hoto zuwa shuɗi kaɗan, wanda gyaransa ba ya wuce ja ɗaya a manhajar gyaran hoto muddin an ɗauka da tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, amma mai ɗauka da JPEG, wanda kyamara ta riga ta sarrafa, zai sha wahala. Masu arha sosai sukan bar hasken infared, wanda ido ba ya gani, ya wuce, sai ganye ya koma ruwan ƙasa, baƙin dutse ya yi ja-ja, kuma wannan ba ya gyaruwa cikin sauƙi domin ba ko'ina a hoton yake daidai ba. Kaifi bai ragu ba a idona, sai dai idan na matse idon lensi zuwa f/22 domin ƙarin lokaci, wanda laifin matsewar ne ba na gilashin ba, shi ya sa nake tsayawa tsakanin f/8 da f/11. Na kuma lura cewa duhunta ya ɗan zarce mataki 10 da aka rubuta, don haka nake ƙara kusan kashi ɗaya cikin uku a kan lissafi. Yana da kyau duk wanda ya saya ya gwada tasa a gida, ya ɗauki farin bango da filta da kuma babu filta, ya san halinta kafin ya yi tafiya. Filtar da ake juyawa ta ƙara duhu ko ta rage kuwa, ko da yake tana da daɗin ɗauka, idan aka kai ta ƙarshen duhunta a kan lensi mai faɗin gani takan zana baƙin gicciye a tsakiyar hoto, ba ta maye gurbin wannan.

Abin da masu sayar da filta ba sa faɗa shi ne rabin sakamakon yana hannun maɗori ne. A kan jiƙaƙƙen yashi, duk igiyar da ta wanke ƙafafunsa tana kwashe yashin da ke ƙarƙashinsu, maɗorin ya nutse kaɗan-kaɗan, kuma nutsewar da ido ba ya gani ta isa ta lalata ɗaukar minti ɗaya. Sai an danna ƙafafun cikin yashi har su tsaya, ko a nemi dutse, a bar sandar tsakiya a ƙasa, a cire igiyar rataya kyamara domin iska tana kaɗa ta, mutum kuma ya tsaya ta ɓangaren da iskar take fitowa ya zama katanga. Ya kamata a duba jadawalin cikowa da janyewar teku kafin a fita, domin ruwan yana cika sau biyu a yini da dare, kuma ya fi hawa a lokacin tsayuwar wata da cikarsa, dutsen da yake a bushe da la'asar yana iya zama a tsakiyar ruwa da magariba. Masunta na wurin sun fi kowace manhaja sanin wannan, kuma tambayarsu ba ta cin kuɗi. Gishirin feshi yana taruwa a kan gilashin ko da ba a ga ɗigo ba, yana sa hoto ya yi hazo, kuma gogewa da busasshen ƙyalle tana shafa shi ne kawai tana iya kuma karce rufin. Ina tafiya da ƙaramar kwalbar ruwa mai tsabta da ƙyalle biyu, ɗaya na jiƙawa ɗaya na busarwa, idan na koma masauki kuma sai na zare ƙafafun maɗorin na wanke su da ruwan famfo kafin gishiri da yashi su ci makullansu.