Ranar da likitan yara ta ɗaga leɓen 'yata

'Yata na da wata goma sha biyar ranar da abin ya faru. Na kai ta awo da rigakafi a asibitin yara da ke kusa da mu a nan jihar Meriland ta Amurka, hankalina kwance, don yarinya ce ɓul-ɓul, ba ta taɓa kwanciya ciwo ba. Likitar ta auna ta, ta duba ido da kunne, ta saurari ƙirji. Ina haramar mayar mata da riga sai ta ce in dakata. Ta jawo kujera ta zauna a gabana har gwiwoyinmu suka haɗu, ta ce in ɗora yarinyar a cinyata tana fuskantata, sannan in kwantar da ita ta baya, kanta ya sauka a cinyar likitar. Ta sa yatsa ta ɗaga leɓenta na sama, ta haska 'yar fitila, ta ce, "Maman yarinya, leƙo ki gani."

Wani farin layi ne kamar an goga alli, a gindin haƙoran gaba na sama, daidai inda suka haɗu da dasashi. Ni da nake mata wanka kullum, nake yanke mata farce, ban taɓa ganinsa ba, don ban taɓa ɗaga leɓen nan ba.

Sai tambayoyi suka biyo. Da fida take kwana? Na ce e. Me ake zuba mata a ciki? Madara, wani lokacin ruwan 'ya'yan itace na kwali. Sau nawa ake goge mata baki a rana? Na yi shiru. Akwai wata ɗaliba a tsaye tana rubutu, kunya ta rufe ni har wuyana ya yi zafi. Don in kare kaina na ce, "Likita, ai haƙoran nono ne, duk zubewa za su yi." Ba ta yi min tsawa ba, kuma hakan ya fi yi min ciwo. Ta ce haka ne, na gaba za su zube tana shekara shida ko bakwai, amma turamen baya suna nan har shekara goma zuwa sha biyu. Da su za ta tauna abinci, da su za ta koyi furta magana, su ne kuma ke riƙe wa haƙoran girma gurbi. Wanda ya ruɓe aka cire tun lokacinsa bai yi ba, na kusa da shi sai su matso, na girman ya rasa wurin fitowa ya karkace.

Farin layin nan, in ji ta, shi ne farkon ruɓewa. Ƙwayoyin cutar da ke baki suna cin sukari su fitar da tsami, tsamin yana zaizayar ɓawon haƙori. Da rana yawu na wanke baki. Da dare yawu na raguwa, sai madarar ta kwana a kan haƙora. A wannan mataki ana iya tsayar da abin. In ya koma ruwan ƙasa ya yi kogo, sai cikewa ko cirewa, kuma yaro ɗan shekara biyu da haƙora da yawa suka lalace ba ya zama a yi masa aiki ido biyu, sau da yawa sai an sa shi barci a ɗakin tiyata.

Nan take ta goge haƙoran da ƙyalle, ta ɗauko ɗan ƙaramin buroshi ta shafa musu wani mai mai danƙo na fulorayid, sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon haƙori. Ko minti biyu ba a yi ba. Yarinyar ta tsala ihu, likitar ta ce gara haka, baki ya buɗe da kyau. Ta ce a maimaita bayan wata uku zuwa shida. Ta nuna min yawan man goge bakin da zan riƙa sa mata, kamar ƙwayar shinkafa, safe da dare, in ta kai shekara uku a ƙara zuwa kamar ƙwayar wake. Ta ce a raba ta da fida, ta koma kofi. Ta kuma ce in daina ɗanɗana abinci da cokalinta, don ƙwayoyin nan daga bakin babba suke shiga na yaro.

Da na huce na yi ta tunanin dalilin da ya sa likitan yara ke wannan aiki. Amsar a fili take. Kafin yaro ya cika shekara uku, an kai shi awo wajen likitan yara fiye da sau goma, alhali yara da yawa ba su taɓa ganin likitan haƙori ba. Wanda ke ganin yaro tun haƙorinsa na farko, wajen wata shida, shi ya kamata ya fara leƙa bakin. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a kai yaro wurin likitan haƙori kafin ya wuce shekara ɗaya, kuma kada a ba jariri ruwan 'ya'yan itace kafin ya shekara. Tun 2014 kwamitin ƙasa mai ba da shawara kan rigakafin cututtuka ya ce likitocin yara su riƙa shafa fulorayid ɗin nan da zarar haƙori ya fito. A jihar da nake, ba da wasa suka koyi darasin ba. A 2007 wani yaro ɗan shekara 12 ya rasu a nan bayan cutar ruɓaɓɓen haƙori ta kai masa ƙwaƙwalwa, abin da cire haƙori ɗaya zai iya hanawa. Maganar ta kai har majalisar dokokin ƙasa, aka gyara tsarin kula da haƙoran 'ya'yan marasa ƙarfi.

Kada ku ɗauka komai a nan sumul yake. Likitar ta ba ni takardar zuwa wurin likitan haƙori, na kwana uku ina buga waya. Wannan ya ce ba ya karɓar irin inshorarmu, wancan ya ce sai ta cika shekara uku, wani ya sa ni jiran kiɗa a waya har na gaji na ajiye. Inshorar haƙori daban take da ta sauran jiki, kamar baki ba a jikin mutum yake ba. Da na samu, sai bayan wata biyu da rabi aka ba ni rana. Sannan ƙasar da ke ce maka ka guji sukari ita ce ta jera alewa a bakin wurin biyan kuɗi na manyan kantuna, daidai tsayin idon yaro. Har fulorayid ɗin da aka fara zubawa a ruwan famfo a garin Grand Rapids tun 1945 ya zama abin jayayya, jihohin Yuta da Fulorida sun hana shi a 2025.

Raba ta da fida ya ba ni wuya ƙwarai. Dare huɗu tana kuka, mijina na aikin dare, maƙwabta ta bayan bango suna ji, ba wanda zai ƙwanƙwasa ya ce kawo ta in riƙe miki. A daren na uku ni ma na zauna a ƙasa na yi nawa kukan, ina tuna yadda a gida kafin yaro ya buɗe baki hannu biyar sun miƙo.

Amma gidan nan da nake kewa, shi nake jin haushi. Sau nawa muke kai yara rigakafi? Ana ɗora su a sikeli, ana cika kati, ba mai ɗaga leɓe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2022 yara miliyan 514 ne ke da ruɓewar haƙoran nono, mu kuwa sai kunci ya kumbura yaro ya kasa barci muke tuna akwai haƙori a bakinsa. Muna lallashi da alewa, muna ba da maganin ruwa mai zaƙi da tsakar dare ba a kurkure baki ba. Likitocin haƙori sun yi mana kaɗan, na sani. To ɗaga leɓe fa? Ba ya son na'ura, ba ya son wutar lantarki. Ma'aikaciyar da ta iya ba da allura za ta iya koyonsa a yini guda, ta kuma nuna wa uwa.

Watan jiya muka koma asibiti. Layin bai ƙaru ba, bai yi kogo ba, alhamdu lillahi. Da na dawo gida na kira yayata ta bidiyo, na ce, "Yaya, don Allah kira min autanki ki ɗaga leɓensa na sama." Ta ce wane sabon salo ne kuma wannan, amma ta kira shi. Shekararsa biyu da rabi. Ta ɗaga, ta matso da wayar kusa da bakinsa, ta yi shiru. Biyu daga na gaba sun riga sun yi ruwan ƙasa a gindi. Ta ce gobe da safe za ta kai shi asibiti.