Gidan kallon da ya nuna mana wasan ɗaliban sojan Amurka

Shekara 31 na yi ina koyar da wasannin motsa jiki a makarantun jihar Maradi, kuma duk tsawon lokacin nan ban taɓa ƙaunar gidajen kallo ba. Na sha ganin ɗalibaina suna gyangyaɗi a aji don sun kwana kallon balon Turai. Saboda haka in kun ji na ce akwai wani gidan kallo a unguwar Zariya da na kama hannun ɗana na kai shi da kaina, ku san akwai dalili.

Autana shekararsa 11, kuma ba shi da zance sai na shiga makarantar soja ta yara da ke Yamai, wadda aka buɗe a 1996. Yana da gudu, yana da ƙarfin zuciya, amma bai iya shan kaye ba. In aka ci ƙungiyarsu a filin unguwa sai ya tuɓe riga ya jefar, ya wuce gida bai ba kowa hannu ba. Wannan hali ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ƙanena da ke aikin soja ne ya ce mini: "Yaya, ka nuna masa wasan da makarantun hafsoshin Amurka biyu ke yi duk ƙarshen shekara. Kada ku tashi sai an gama komai, ƙarshen ne abin kallo."

Makarantun su ne ta sojan ƙasa da ke West Point a jihar New York, wadda aka kafa a 1802, da ta sojan ruwa da ke Annapolis, ta 1845. Tun 1890 suke karawa a balon Amurka, wannan mai kama da ƙwai da ake runguma a gudu da shi. A karon farko 'yan ruwa ne suka yi nasara da ci 24 da nema. Wasan da muka nema shi ne na 125, ranar Asabar 14 ga Disamba 2024, ƙarfe uku na rana a can, tara na dare a nan.

Gidan kallo uku na zagaya. Biyu suka ce ba su san zancen ba, kuma daren nan Real Madrid na da wasa da Rayo Vallecano a daidai wannan lokaci, wa zai bar kuɗi ya kama abin da ba mai kallo? Na ukun, wani matashi mai sanyin murya, ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce: "Malam, babban allo dai na 'yan Madrid ne, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ina da ƙaramar tele a rumfar baya. Ka ba ni kwana biyu in bincika." Kwana biyun na cika ya kira ni ya ce ya samo ta intanet, in kawo jika biyu na forfe, wato kuɗin intanet, kuɗin shiga kuwa dala ashirin-ashirin kamar kullum. Bai ƙara ko dala ba. Wannan cika alkawari shi ne abu na farko da ya saye ni.

Gidan kansa ba wani abin a zo a gani ba ne. Langa-langa ne aka kewaye, ƙasa yashi, benci na katako marasa majingina. A bakin ƙofa akwai mai shayi da mai tsire. Rumfar baya tana cin mutum goma sha biyar in an matsa, mu kuwa mu shida ne: ni da yaron, da wani tsohon jandarma maƙwabcina, da samari uku da suka rasa wuri a babban ɗaki suka faɗo mana. Sanyin hunturu na shigowa ta ƙarƙashin langa-langar. Mai gidan ya lura yaron na rawar ɗari, ya ɗauko tabarma ya toshe wurin ba tare da an roƙe shi ba.

Tun kafin a taɓa balo ɗana ya daina motsi. Aka nuno ɗaliban makarantun biyu, kowace da sama da mutum 4,000, sun shigo fili sahu-sahu, na ƙasa cikin dogayen riguna masu launin toka, na ruwa cikin baƙaƙe da fararen huluna. Sannan aka yi abin da suke kira musayar fursunoni: 'yan ɗaliban da aka tura karatun zango ɗaya a ɗaya makarantar, a kawo su tsakiyar fili a sake su, kowa ya ruga wajen 'yan'uwansa. Sojan ƙasa alfadari ne dabbarsu, na ruwa kuwa bunsuru mai dogon farin gashi, an lulluɓa masa bargo mai launin makaranta. Ɗaya daga cikin samarin ya ce wallahi bai kai jar akuyarmu ta Maradi kyau ba, tsohon jandarma ya ce ya yarda.

Dokokin wasan ni na riƙa bayyana su, don sharhin da Turancin Amurka ne, ba wanda ke kamawa sosai. Kowane ɓangare mutum 11. Mai riƙe da balo ana ba shi dama huɗu ya ci gaba da yadi 10, irin yadin da ake auna atamfa. In ya kai a sabunta masa, in ya kasa balo ya koma hannun abokan gaba. Wanda ya kai shi ƙarshen fili ya sami maki 6, bugun da ya wuce tsakanin sanduna daga cikin fili kuma maki 3. Zubi huɗu ne na minti 15, amma da yawan tsayawa wasan kan haura awa uku. Abin da ya burge ni, mai gidan ya riƙa leƙowa yana tambaya, har ya ɗauko alli ya zana filin a jikin ƙofa don samarin su gane.

To, ga inda gidan ya gaza, kuma na faɗa masa baki da baki. Tsakanin rumfarmu da babban ɗaki langa-langa ɗaya ce tak, kuma daren nan ƙwallo shida aka zura a wasan Madrid, uku da uku. Kowace ta shiga sai ihu ya rufe mu, mu daina jin komai. Intanet ta tsaya cak sau huɗu, ɗaya daga ciki daidai lokacin da wani ƙaton mai tsaron baya na 'yan ruwa ya karɓi balo, maimakon a buga shi sama kamar yadda kowa ya zata, ya yanka da gudu. Sai a maimaici muka gani. An ɗauke wuta sau ɗaya, injin ya ɗauki kusan minti biyar kafin ya tashi. Wanda ya fi ɓata mini rai shi ne hayaƙin taba da ke kwararowa daga babban ɗaki. Wurin da yara ke shiga bai kamata a bar wannan ba. Makewayi ma babu, sai an fita waje.

Da wasan Madrid ya ƙare wajen sha ɗaya, jama'a suka watse, sai ya yi abin da ban zata ba. Ya cire wayar ya mayar da wasanmu kan babban allo, ya ce mu dawo ciki. Mai yana ƙonewa a inji saboda mutum shida, bai nuna gajiya ba.

'Yan ruwa suka ci 31 da 13, nasararsu ta 63 ke nan, na ƙasa na da 55, an yi kunnen doki sau 7. Ɗana tun farko na ƙasa ya bi, don haka ya miƙe zai fita. Na riƙe hannunsa na ce zauna. Sai ga 'yan wasan ƙungiyoyin biyu sun nufi ɓangaren ɗaliban da aka ci. Waɗanda suka yi nasara suka tsaya a bayan waɗanda suka sha kaye, tsit, ba tsalle ba dariya, har aka rera taken makarantar West Point daga farko zuwa ƙarshe. Wasu na hawaye. Bayan nan ne duka suka ƙetara ɗaya gefen aka rera na Annapolis. Haka al'adarsu take, wanda ya ci shi ke yin waƙa daga baya, kuma sai ya fara girmama wanda ya kayar. Na gaya wa yaron cewa waɗannan samari in sun gama karatu aƙalla shekara 5 za su yi suna aikin soja a ƙarƙashin tuta ɗaya, mai yiwuwa wanda ka ture yau shi zai ɗauke ka gobe. Tsohon jandarma ya ce haka yake gani a filin kokowa tun zamanin Kantu, da ya kawo wa Maradi takobin farko na gasar kokowa ta ƙasa daga Tahoua a 1975, in ka kayar da mutum ka miƙa masa hannu ya tashi.

Sha biyu ta gota muka fito. Na ƙara wa mai gidan jika ɗaya na mai, sai da na matsa ya karɓa. Bayan mako biyu na koma kallon kokowar takobi, na tarar ya rubuta "Ba a shan taba a ciki" da jan fenti a ƙofa, ko da yake masu shan sun koma bakin ƙofar ne kawai, hayaƙin na nan yana shigowa. Mai son kallon wasan da ba a saba nunawa ba ya je ya same shi da kwana biyu ko uku a hannu, ya zo da kuɗin forfe, in lokacin ɗari ne kuma ya riƙo bargo. Ni dai na riga na gaya masa ya ajiye mana rumfar baya a Disamba mai zuwa, kuma yaron ya ce na ƙasa zai sake bi.