Jolly Phonics a Ajin Nazare: Abin da Ya Cancanci Kuɗi da Abin da Sai An Gyara

Makarantun kuɗi da yawa a Kano, Kaduna da Zariya suna rubuta Jolly Phonics a allon tallarsu, iyaye kuma suna biyan kuɗin littattafansa duk zango ba tare da sun san takamaiman abin da ake yi da su a aji ba. Tsari ne na koyar da karatun Turanci ta hanyar sautin harafi maimakon sunansa. Wasu malaman firamare biyu a Ingila, Sue Lloyd da Sara Wernham, su ne suka gina shi, kamfanin Jolly Learning ya fitar da littafin jagoran malami a 1992. A Najeriya ya shiga makarantun gwamnati ta hannun ƙungiyar Universal Learning Solutions da haɗin gwiwar hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa (UBEC) da takwarorinta na jihohi (SUBEB). Tsarin yana aiki, kuma ya fi rera A B C da haddar kalmomi nesa ba kusa ba. Amma an ɗinka shi ne a jikin yaron da ya tashi yana jin Turanci a gida, don haka duk malamar da ta ɗauke shi yadda yake ta shiga da shi ajin 'yan shekara 5 masu jin Hausa zalla, za ta sha wahala kafin rabin zango.

Kashin bayansa sautuka 42 ne, an kasa su rukuni 7, shida-shida. Rukunin farko shi ne s, a, t, i, p, n, kuma nan ne gwanintar take. Da waɗannan shida kaɗai yaro zai haɗa sat, pin, tap, sit, tin, pan da ant. Ke nan tun bai cika wata guda a aji ba yana karanta kalma da kansa, ba jiran Z yake yi ba. Rukuni na biyu ya kawo c da k a matsayin sauti ɗaya, sai e, h, r, m, d. Na uku g, o, u, l, f, b. Daga na huɗu ake shiga sautukan da ake rubutawa da harafi biyu, irin su ai, oa, ee, sh da ch. Kowane sauti yana da ɗan labari, motsin jiki da waƙa. Akwai kuma kalmomi 72 da ba sa bin ƙa'ida, irin su the, was da said, waɗanda ake koyarwa daban.

Saurin da littafin ya ba da shawara, wato kusan sabon sauti kowace rana, shi ne abu na farko da za a ajiye gefe. A ajin da yara 40 ke gaban malama ɗaya, alhali manufar ilimi ta ƙasa ta ce 25, sauti biyu a mako ya isa. Da haka za a gama rukuni uku na farko, sautuka 18, cikin mako 9, a bar sauran makonnin zango ga bita da jarrabawa. Zango na biyu ya ɗauki rukuni na 4 zuwa na 6, na uku ya ƙarasa na 7 tare da kalmomin da ba sa bin ƙa'ida da karatun gajerun jimloli.

Darasin kada ya wuce minti 25, kuma da safe, kafin tara. Ranar Litinin a fara da minti 3 na ɗaga katunan sautukan da aka riga aka koya, da sauri, ba bisa jeri ba, domin idan jerin bai canza ba yara haddace shi suke yi ba sa kallon katin. Sai labarin sabon sauti da motsinsa, minti 5. Sai rubuta harafin a iska, malama ta juya wa yara baya tana yi, in ba haka ba za su kwaikwaye shi a juye. Sauran lokacin na haɗa kalmomi ne a allo, uku ko huɗu. Talata ba sabon sauti: rubutu ne da yatsa a farantin yashi, sannan da alli a ƙaramin allo, fensir a ƙarshe. Laraba da Alhamis a maimaita wannan da sauti na biyu. Juma'a, da yake ana tashi da wuri, ta wasa ce da shifta: a rubuta haruffa a murafan kwalba, a raba wa kowane teburi, malama ta faɗi kalma su jera ta, sannan a yi shiftar kalmomi biyar. Shiftar nan ita ce ma'aunin gaskiya. Amsa-kuwwar da aji ke yi baki ɗaya tana ɓoye yaran da baki kawai suke motsawa, kuma sukan yi yawa fiye da yadda malama take zato.

Inda aka fi samun kuskure shi ne furucin malamar kanta. Bakinmu ya saba da baƙi ya zo da wasali a bayansa, kamar yadda aka koya mana ba, bi, bu. Sai malama ta ce sa, a, ta, tana jiran yaro ya ce sat, shi kuwa abin da kunnensa ya ji sata ne, kuma bai yi laifi ba. Dole s ta fito tsura, ana janta kamar hucin maciji, t kuma a datse ta ba tare da murya ba. Dabarar da ke taimakawa ita ce a fara haɗawa da sautukan da ake iya ja, s, n, m, a ja na farko har ya shige cikin wasali ba tare da yanke numfashi ba. Manhajar wayar da kamfanin ya fitar, Jolly Phonics Lessons, tana da muryar kowane sauti, kuma amfaninta ga malama ya fi ga yara: ta saurara da dare, ta gwada a gaban madubi.

Sai p. A Hausa p da f ba sa bambanta ma'ana, shi ya sa pan da fan duk ɗaya ne a kunnen yaro. Tsarin bai san da wannan ba, ya sa p a rukuni na ɗaya, f a na uku, ba tare da wani darasi da ya gwama su ba. Malama ce za ta ƙirƙiro shi. A ba kowane yaro ɗan yankin takarda ya riƙe a gaban baki: da p leɓɓa biyu suna rufewa, iska ta fashe, takarda ta yi tsalle; da f haƙoran sama suna taɓa leɓen ƙasa, iska tana zuba a hankali. A ware mako guda cur don wannan bayan an koyar da f, kuma a sake yin irinsa ga v da b a rukuni na biyar. Haka th a rukuni na shida, wanda kan koma s ko z. Wasula ma suna da nasu rikicin, domin a ta cap da u ta cup duk sukan faɗa cikin a ta Hausa, pen da pin su ma su cakuɗe. Ga ɗan nazare ba a bukatar furucin Landan, abin nema dai ya ji bambancin idan an yi masa shifta.

Hotunan ma ba su yi mana adalci ba. An zana tururuwa kusa da a saboda sunanta na Turanci da a ya fara, amma yaronmu tururuwa ya gani, wadda ta fara da t. Maciji yana wakiltar s, laima tana wakiltar u, ganga tana wakiltar d. Idan ba a fara koya masa sunan abin da Turanci ba, hoton ruɗa shi yake yi. Wasu motsin kuma ba su da ma'ana a nan: na t juya kai ne kamar mai kallon wasan tanis, na c kaɗa wasu 'yan katakon rawa ne na mutanen Sifaniya. Ba laifi a bar motsin a sauya labarin, a ce yara biyu ne ke jefa wa juna ƙwallo kana bin ta da ido. A tsohon bugun waƙoƙin, waƙar p tana maganar kek mai siffar alade, kuma ya kamata shugaban makaranta ya saurari waƙoƙin kafin iyaye su riga shi ji daga bakin 'ya'yansu.

Yaran da ke zuwa Islamiyya da yamma sun saba fara layi daga dama, don haka za ka ga yaro ya karanta tap a matsayin pat. Ba daƙiƙanci ba ne. A sa koren ɗigo a gefen hagu na allo da na kowane shafi, a ce masa Turanci daga nan yake tashi.

Maganar saye: abin da ba makawa shi ne littafin jagoran malami, The Phonics Handbook, guda ɗaya ga makaranta, domin an yarda a yi hoton takardun aikin da ke cikinsa. Amma a yi lissafi tukuna. Yara 40 sau takarda 42 ya kama 1,680, fiye da rim uku, ban da kuɗin injin hoto. Idan an samu littafin ɗalibi mai baƙi da fari da sauƙi, yana iya fin wannan araha, kuma ba ya watsewa cikin jaka. A lura cewa kayan suna zuwa da salon rubutu iri biyu, mai 'yar jela don shirin haɗa haruffa da kuma tsayayye irin na bugu. A zaɓi ɗaya a tsaya a kansa, na bugun ya fi dacewa da sauran littattafan da yaranmu ke gani. Littattafan Finger Phonics guda 7, masu harafi a kwarzane da yaro ke bi da yatsa, suna da kyau da ƙarko, sai dai saiti ɗaya ba ya zagaya babban aji, kuma farantin yashi yana yin aikinsu. Katunan haruffa kuwa ba sai an saya ba: kwali shida, kowanne a yanka shi takwas, baƙar maka mai kauri, a lulluɓe da salatif. Kwafin jabu da ke yawo a kasuwa yakan zo da shafuka a dushe, ɗigogin da ke nuna inda za a fara rubuta harafi sun ɓace.

Babbar kasawar tsarin ita ce yana koyar da furta kalma, ba fahimtarta ba. Yaro zai karanta nap da tin sarai, ka tambaye shi me ke nan ya yi shiru. Saboda haka duk kalmar da za a haɗa a mako, a zo da abin a hannu ko a kwaikwayi aikin, a faɗi ma'anarta da Hausa kafin a rubuta ta. Kuma minti 25 ne kawai daga yinin yaro. Ƙidaya da tsakuwa, gini da yumɓu, tatsuniya, wasan waje, duk ba sa cikinsa, makarantar da ta mayar da shi manhajarta gaba ɗaya ta cuci yara.

Abin mamaki shi ne dabarar ta fi dacewa da Hausa a kan Turanci, tunda rubutunmu yana bin furuci: da a, k, m, n yaro zai karanta kaka, nama da mama. Shirin Mu Karanta! da aka gudanar a Bauchi da Sakkwato ya bi hanyar sauti da gaɓa wajen koyar da karatun Hausa a ƙananan azuzuwan firamare. Makarantar da ke koyar da harsunan biyu ta raba su a jadawali, da katuna masu launi daban, domin c ta Hausa ita ce ta ciki da cokali, ta Jolly Phonics kuwa k ce, sautin namu kuma sai a rukuni na shida zai bayyana a matsayin ch. Ɓ, ɗ, ƙ da ts babu su a kayan kamfanin, sai malama ta yanka nata kwalin.