Giyar hannu ko otomatik a motar gudu: wacce ta fi, wacce za ta daɗe?

Malam, tambayarka biyu ce a haɗe. Ka ce ka ji ana cewa kamfanoni sun fara daina saka giyar hannu a motocin gudu, kana son sanin ko da gaske ƙarshenta ya zo. Sannan ka ce in Allah ya hore maka ka tashi sayen irin su Toyota GR86 ko Ford Mustang ko BMW M2, wacce ya kamata ka ɗauka, mai kuloci ko otomatik. Zan jera maka su kafaɗa da kafaɗa, amma tun yanzu ka san inda na tsaya: a gudu otomatik ta daɗe da cin nasara, giyar hannu kuma ba don gudu ake sayenta yau ba.

Kafin a kwatanta, a san cewa otomatik ɗin motocin gudu iri biyu ce. Akwai wadda muka saba da ita, mai amfani da mai wajen isar da ƙarfin inji zuwa giya, irin ta Camry da Accord, sai dai an inganta ta ƙwarai. Mai giya 8 ta kamfanin ZF na Jamus ita ce a cikin BMW M3 da Toyota Supra. Akwai kuma mai kuloci biyu, wadda Porsche ke kira PDK, Volkswagen ke kira DSG. Ita wannan a cikinta giyar hannu ce guda biyu a akwati ɗaya: kuloci ɗaya yana riƙe da giya 1 da 3 da 5 da 7, ɗayan yana riƙe da 2 da 4 da 6. Kana cikin giya 3, kwamfuta ta riga ta ɗora giya 4 tana jira, sai kawai wannan kuloci ya saki wancan ya kama. Porsche ya gwada ta a motocin tsere tun shekarun 1980, amma Volkswagen ne ya fara sa ta a motar kasuwa, Golf R32, a 2003.

A gudu, mota ɗaya ta isa hujja. Porsche 911 GT3 da ta fito a 2021 an sayar da ita da PDK ko da giyar hannu, inji ɗaya, ƙarfin doki 510. Mai PDK tana kai kilomita 100 a awa daga tsaye cikin daƙiƙa 3.4, mai giyar hannu kuma 3.9. Rabin daƙiƙa a irin waɗannan motoci tazara ce babba. Dalili kuwa a fili yake: duk lokacin da ka taka kuloci ka yanke ƙarfin inji daga taya, kuma komai saurin hannunka ba za ka kamo abin da ba ya yankewa sam ba. Masu tseren Formula 1 sun gane haka tun 1989, lokacin da Ferrari ta fito da motar da ake canza mata giya da yatsu a bayan sitiyari, Nigel Mansell kuma ya ci tseren Brazil da ita a fitowarta ta farko. Cikin 'yan shekaru sandar giya ta ɓace daga wannan gasa.

Shan mai ma labari ya juya. Da can otomatik giya 3 ko 4 gare ta, tana zuƙar fetur, shi ya sa direbobin haya suka ƙi ta. Yau ta Mustang giya 10 ce, kuma a gwajin hukumomi takan yi daidai da giyar hannu ko ta fi ta tsimi. A nauyi giyar hannu tana nan da ɗan rinjayenta: a wannan GT3 ɗin ta fi sauƙi da kimanin kilo 17.

Wajen gyara kuwa giyar hannu ce a gaba, musamman gare mu. Akwatinta ƙarafa ne da mai, abin da ke cinyewa shi ne faifan kuloci, kuma duk bakaniken da ya tashi a kan Fijo 504 da Golf ya san cikinta. Mai kuloci biyu tana da kwamfutarta da bawul-bawul da na'urorin ji, tana son mai na musamman, in ta yi gardama sai an jona ta da kwamfuta, kayan gyaranta kuma sai an yi oda. Wasu nau'o'inta marasa mai a kuloci ba sa son jan ciki a cunkoso, suna ɗaukar zafi. Amma a faɗi gaskiya, giyar hannu tana ba direba damar yin ɓarnar da otomatik ba za ta yarda da ita ba. Kana gudu a giya 5, ka nufi 4 hannunka ya faɗa 2, ka saki kuloci: taya za ta tilasta wa inji juyin da ya wuce iyakarsa, bawul ya haɗu da fistin, aiki ya tashi. Kwamfuta ba ta karɓar irin wannan umarni.

To me ya rage mata, har mutane ke biyan kuɗi su ɗauki wadda ta fi jinkiri?

Abin da ya rage shi ne aikin da take ba direba. Kana tunkarar kwana, ƙafar dama tana kan birki, ta hagu ta taka kuloci, ka karkata gefen ƙafar dama ka ɗan zungure totur don inji ya tashi daidai da giyar da za ka sauko, hannu ya ja sanda, ka saki kuloci motar ba ta ko girgiza ba. In ka yi daidai kai ka yi, in ka yi kuskure nan take motar za ta gaya maka. Kamar mahayin da linzami ke hannunsa ne da wanda aka ɗora a doki ana ja masa: duka za su isa, amma ɗaya ne ya yi hawa. Kuma akwai wani abu da masu kallon lambobi ke mantawa. Mota mai ƙarfin doki 500 ba inda za ka yi amfani da rabin ƙarfinta a titin jama'a ba tare da ka sa rayukan mutane a haɗari ba. A otomatik, daɗin motar yana can sama inda doka da hankali suka hana ka zuwa. A giyar hannu, ko a kilomita 60 a awa kana da abin yi, kunnenka na kan inji, ƙafarka na kan kuloci. Shi ya sa Mazda MX-5, wadda ake yi tun 1989 kuma nauyinta bai wuce tan ɗaya da kaɗan ba, ta sayar da fiye da miliyan ɗaya alhali motocin iyali da yawa sun fi ta ƙarfi. A ganina wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin motar gudu ba larura ba ce. Don jin daɗin tuƙi ake sayenta.

Game da makomar giyar hannu, abubuwa biyu ne ke faruwa a lokaci guda, kuma wanda ya kalli ɗaya kawai zai yanke hukunci ba daidai ba.

Na farko janyewa. Ferrari 458 ta fito a 2009 ba giyar hannu, kuma cikin 'yan shekaru kamfanin ya bar ta gaba ɗaya. Lamborghini ya rufe babinta da Gallardo, Huracán ta 2014 mai kuloci biyu ce kawai. Chevrolet Corvette, wadda Amurkawa suka shekara da shekaru suna tuƙawa da kuloci, sabuwarta ta 2020 ba ta da shi. Mercedes ya daina a 2023. Golf GTI ma ta yi sallama da ita a 2024.

Na biyu dawowa, kuma masu saye ne suka tilasta ta. A 2013 Porsche ya fitar da GT3 da PDK kaɗai, yana cewa ita ta fi sauri, kuma gaskiya ya faɗa. Masoya suka yi ca. A 2016 ya yi 911 R mai giyar hannu, guda 991 kacal, aka wawashe su, masu sake sayarwa suka ninka farashi. Shekara guda bayan haka giyar hannu ta dawo cikin GT3, kuma a Amurka fiye da rabin masu sayen motar ita suka zaɓa. Toyota ya fito da sabuwar Supra a 2019 da otomatik kaɗai, a 2022 ya ƙara mata kuloci. BMW ya yi wa Z4 haka a 2024. Honda Civic Type R har yau ba ta san otomatik ba. A can ƙololuwar tsada kuma abin ya zama alfahari: T.50 ta Gordon Murray, mai inji silinda 12 da ke juyi 12,100 a minti, guda 100 aka yi kuma da giyar hannu; Aston Martin Valour guda 110; Pagani Utopia ma ana samunta da kuloci. Tsofaffin Ferrari 'yan tsirarun da aka yi da sandar giya a ƙarshen zamaninta yanzu sun fi 'yan'uwansu tsada nesa ba kusa ba.

Ka ga ke nan ba rashin masoya ne zai kashe ta ba. Matsalarta a masana'anta take. Injunan yau masu turbo ƙarfin murɗawarsu ya yi yawa, kuma akwatunan giyar hannun da ake da su tsofaffin ƙira ne. Dubi M2 ɗin da ka ambata: tun gyaran da aka yi mata a 2024, mai otomatik tana ba da Nm 600 a ma'aunin ƙarfin murɗawa, mai giyar hannu kuma an tsayar da ita a 550. Ƙera sabon akwati mai ɗaukar fiye da haka kuɗi ne masu yawa, kuma da wuya kamfanonin ƙera akwatin giya su zuba su don 'yan dubban motoci ba. A Amurka sabbin motoci masu giyar hannu ba su kai biyu cikin ɗari ba. Ga kuma gwajin hayaƙi da na ƙara, da kowane nau'in giya sai an yi masa nasa daban. A 2021 saura kaɗan a hana sayar da GT3 mai giyar hannu a jihar Kalifoniya, saboda tsohuwar ƙa'idar gwajin ƙara ta sa a take totur a ƙaramar giya, alhali mai PDK ta wuce lafiya. Sai da aka daidaita da hukuma.

Babban abin da ke gaban giyar hannu shi ne lantarki. Sabuwar 911 GTS ta 2024 tana haɗa fetur da lantarki, kuma injin lantarkin a cikin akwatin PDK aka dasa shi, don haka babu gurbin kuloci. Ba wai ba zai yiwu ba ne, Honda CR-Z ta yi hakan a 2010, amma kwamfutar da ke raba aiki tsakanin inji biyu ta fi son ita ke riƙe da giya. Motar lantarki zalla kuwa ba ta buƙatar canjin giya. Yawancinsu giya ɗaya ce, Porsche Taycan ce mai biyu a baya. Tarayyar Turai ta sa 2035 a matsayin shekarar da sabbin motoci za su daina fitar da hayaƙi, ana ta ja-in-ja a kan sassauta dokar, amma alƙiblar ba ta canza ba. A Ingila kuma wanda ya ci jarrabawar tuƙi da otomatik lasinsa bai ba shi damar tuƙa mai kuloci ba, kuma matasa da yawa yanzu ta nan suke bi.

Kamfanoni sun san abin da za a rasa, shi ya sa suke kwaikwayo. Hyundai Ioniq 5 N ta lantarki ce, amma an koya mata ta yi kamar tana da giya 8, har da ƙara da ɗan fizga. Toyota ya gwada motar lantarki mai fedar kuloci da sandar da ba a jona su da komai ba sai wayar lantarki. Ban raina wannan ƙoƙari ba, kuma waɗanda suka tuƙa Hyundai ɗin sun yaba. Sai dai ni a wurina darajar giyar hannu tana cikin cewa da gaske ƙarfe ne ke kama ƙarfe a ƙarƙashin tafinka. Koenigsegg CC850 ta fi kusa da gaskiya, domin akwatinta na gaske ne mai giya 9 da ke iya aiki kamar giyar hannu mai 6, har ta mutu in ka saki kuloci da gaggawa, amma kuɗinta miliyoyin daloli ne.

Hasashena shi ne giyar hannu za ta ɓace a tsakiya, ta saura a gefe biyu: ƙananan motoci marasa nauyi irin su MX-5 da GR86 muddin doka ta bar su, da motocin attajirai da ake yi 'yan ƙididdigaggu. Mu kuma abin da ke iso mana ta Legas da Kwatano shi ne abin da Amurka da Turai suka saya shekaru da suka wuce, saboda haka ƙarancin da ake yi can yau shi za mu gani a kasuwarmu nan gaba, kuma masu kuloci masu lafiya za su riƙe farashinsu.

Sai zaɓinka. GR86 ka ɗauke ta da giyar hannu ba tare da dogon tunani ba. Ƙarfinta doki 230 ne ko kusa da haka, kuma otomatik ɗinta mai giya 6 ba ta fi sauri ba, ta ma rage mata armashi. Mustang, in mai silinda 8 ce, giyar hannu ta dace da ita, amma ka sani daga samfurin 2024 ƙaramar mai silinda 4 otomatik ce kawai. M2 ce inda zan ce ka duba rayuwarka: in ita ce motar zuwa aiki kullum cikin cunkoson Kano ko Abuja, mai giya 8 ta ZF ta fi ƙarfi, ta fi sauri, kuma ƙafarka ta hagu za ta huta, in ta ranar hutu ce, ɗauki kuloci. Duk mai kuloci da za ka saya in ba sabuwa ba ce, ka tuƙa ta inji yana sanyi ka ji ko giya 2 tana gurzawa, ka sa ta a giya babba ka take totur ka ga ko inji na tashi mota ba ta ƙara gudu, alamar kuloci ya cinye ke nan. In Porsche ce, ka sa a jona ta da kwamfuta, domin tana ajiye lissafin duk lokacin da aka wuce wa inji iyakar juyinsa.