Gwajin gadon kitsen jini na tofa yawu: koren sakamakonsa ya kusa sa yayana ya ajiye magani

Akwatin gwajin DNA ɗin nan da ake ta tallarsa a WhatsApp daga Aboabo har Asawase a nan Kumasi, wanda za ka tofa yawu a aika waje a gaya maka ko kana da gadon kitsen jini, na saya mun yi amfani da shi. Tauraro 2 cikin 5 na ba shi, ɗaya ma don kwalbar ce. 

Yawun yayana muka aika. LDL ɗinsa, wato mugun kitsen jini mai toshe jijiyoyi, 6.9 mmol/L ne, an maimaita bai sauka ba, agararsa ta yi kauri da kitse, kuma Baba bai kai shekara 55 ba bugun zuciya ya ɗauke shi. A ma'aunin Holan da likitoci ke aiki da shi, LDL tsakanin 6.5 da 8.4 maki 5 ne, kaurin agara maki 6, ciwon zuciya da wuri a dangi na kusa maki 1, kuma duk abin da ya haura 8 an tabbatar da ciwon gado ne. Yaya na da 12. Sai ga sakamako da katon koren akwati, wai ba a ga sauyin ƙwayar halitta da ke kawo ciwon ba. Ya kira ni yana murna, "ƙanena, ashe ba gado ba ne, zan bar maganin nan." Wallahi nan raina ya ɓaci.

Sai can ƙasan shafi na ƙarshe, cikin ƙananan haruffa, aka rubuta cewa sauye-sauyen da suke dubawa ba su kai 30 ba. Hanta ce ke tsamo LDL daga jini, da wata ƙugiya da ƙwayar halitta mai suna LDLR ke ginawa. Aikin da Brown da Goldstein suka yi a kanta ne ya ba su kyautar Nobel a 1985. A wannan ƙwaya kaɗai an rubuta sauyi sama da 2,000, ga wasu ƙwayoyin halittar biyu, APOB da PCSK9, kuma kowace da nata. Gwajin nan ba ya karanta ƙwayar daga farko zuwa ƙarshe, wasu gurabe kawai yake leƙawa, yawancinsu waɗanda aka saba gani a Turawa. Kamar a ba mai gadi a kasuwar Kejetia hoton ɓarayi 30 ne, a ce duk wanda ba ya ciki mutumin kirki ne. Ciwon kuma ba baƙo ba ne: kusan mutum 1 cikin 250 na ɗauke da shi, kuma kowane ɗa na mai shi yana da rabin yiwuwar gado.

Kwalbar kam an yi ta da kyau. Minti 30 kafin tofawa ba ci, ba sha, ba asuwaki, ba goro. Dattawanmu su kula da wannan na ƙarshe, don garin goro na gurɓata yawu. Ana cika ta zuwa layi, ruwan yawu ba kumfa ba, a rufe murfin da ƙarfi ya saki ruwan da ke adana DNA, a girgiza. Ba ta buƙatar firji, ta kuma isa lafiya duk da zafin Kumasi. Bayanin da suka yi kan wata ƙwayar halitta mai suna APOE ma daidai yake: nau'in e4 na ɗaga LDL kaɗan, e2 na sauke shi, kuma e4 ya fi yawa a Afirka fiye da yawancin Turai. Da na karanta wannan sashe har na fara tunanin ƙara musu tauraro. Sai na ga a layi na gaba sun jefo maganar alaƙar e4 da ciwon mantuwa na Alzheimer, ba gargaɗi, ba tambayar ko mutum yana son sani. Na fasa.

Abin da ya fi ba ni haushi bayan koren akwatin, babu komai kan sauyin da ya shafe mu. A 2005 Helen Hobbs da Jonathan Cohen a Dallas suka gano sauyi biyu a PCSK9, Y142X da C679X, a kusan kashi 2 cikin 100 na baƙar fatar Amurka. Binciken da ya biyo a 2006 ya nuna masu shi LDL ɗinsu ya yi ƙasa da kashi 28, ciwon jijiyoyin zuciya kuma da kashi 88. C679X ana samunsa a nan Afirka ta Yamma, kuma ganowar nan na cikin abin da ya haifar da alluran rage LDL irin su evolocumab. An sayar mana da gwaji a Gana, namu ba ya ciki. Lp(a), wani nau'in kitsen jini mai haɗari ga zuciya, shi ma shiru, alhali kusan gado zalla ne, ya fi hawa a jinin 'yan Afirka, abinci ba ya taɓa shi sosai. Wannan da jini ake auna shi, sau ɗaya a rayuwa yakan wadatar, daga 50 mg/dL ko 125 nmol/L ake fara damuwa.

Shawarar abincinsu kuwa man zaitun da kifin salmon. Ba man ja, wanda kusan rabinsa kitse mai daskarewa ne, ba cukun wagashi, ba kitsen tsire. Kuma ba su faɗi cewa mai gadon nan ko ya bar su duka ba zai sauko daga 6.9 da abinci kaɗai ba. Atorvastatin 40 zuwa 80 mg ko rosuvastatin 20 zuwa 40 mg ke rage kusan rabi, a ƙara ezetimibe 10 mg in bai isa ba, likita ne zai yanke, mai ciki kuma ba ta sha.

Da wani yanki na kuɗin akwatin za ka yi gwajin kitsen jini na lab wa kanka da 'yan'uwanka. Babba mai LDL 4.9 ko sama a maimaita masa, a duba tayirod, ƙoda da suga, don su ma suna ɗaga shi. In tiraigilisarayid, wani nau'in kitsen jinin, ya wuce 4.5, LDL ɗin da aka lissafa ba abin dogaro ba ne, a nemi a auna shi kai tsaye. 'Ya'yan mai ciwon a gwada su kafin shekara 10. Mai son gwajin gado na gaske ya nemi wanda ke karanta LDLR, APOB da PCSK9 gaba ɗaya, ta hannun likitan zuciya a asibitin Komfo Anokye ko na Korle Bu.

Na rubuta wa kamfanin ina neman jerin guraben da suka duba, don a nuna wa likitan Yaya. Amsar da suka turo tallar rangwame ce in na sayi akwati na biyu.