Plumpy'Nut a asibitocin Marwa da Kusiri a arewacin Kamaru: maganin tamowa mai kyau, amma gida ne ke yanke hukunci

Ledar Plumpy'Nut giram 92 ce, da kalori 500 a ciki. Kamfanin Nutriset na Faransa ne ya fito da ita, kuma haɗin markaɗaɗɗiyar gyaɗa ce da garin madara, sukari, mai, bitamin da ma'adanai. Ba a dafa ta, ba a dama ta da ruwa. A wanke hannu, a murza ledar, a yaga gefe, yaro ya tsotsa. Da yake kusan babu ruwa a cikinta, ƙwayoyin cuta ba sa samun wurin yaɗuwa, ko a zafin Afrilu ba ta neman firji.

Ana ba yaro ɗan wata 6 zuwa 59 da igiyar awon dantse ta nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko ƙafafunsa biyu suka kumbura. Sai an gwada cinsa tukuna. Wanda ya ƙi ci, kwanciya a asibiti ce ta kama shi, da madarar jinya ta musamman mai suna F-75. Wanda ya ci, in kilo 7 ne, leda uku a rana, da amoxicillin, a riƙa dawowa awo. Yawanci mako shida zuwa takwas, kusan katan ɗaya mai leda 150.

A kan aikinta ba mu da suka. Matsalar tana farawa ne daga ƙofar gida.

Abin yana da zaƙi. Yaro na tsotsa, yayyensa sun zuba masa ido, tun safe ba a ɗora tukunya ba. Wace uwa ce za ta jure? Sai leda uku ta koma ɗaya da rabi, ranar awo sikeli ya tsaya cak. Wata kuma kasuwa take kaiwa don ta auno dawa. Faɗa ba ya gyara wannan. Inda aka haɗa wa gidan da tallafin hatsi ko kuɗi, ledar ta fi isa bakin mai ita.

Sai ruwa. Plumpy'Nut na sa ƙishi sosai, in kuwa ruwan kududdufi ko buɗaɗɗiyar rijiya aka bi ta da shi, gudawar kwana uku ta isa ta zubar da naman da aka tara. A tafasa, a rufe randa. Daga Yuni zuwa Satumba rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa, hanya ta lalace, kuɗin mashin ya gagara. Ambaliyar kogin Logon ta 2022 da 2024 ta raba dubban mutane da gidajensu a Yaguwa da Kusiri, kuma uwar da ke kwana a tanti ba ta cika riƙe ranar awo ba.

Kada a tsaya don kumatu sun ciko. Sai dantse ya kai santimita 12.5, kumburi ya ɓace mako biyu. Mai shan nono a fara ba shi nono kafin ledar. Bayan sallama a kaurara kununsa da gyaɗa, garin wake ko dakakken busasshen kifi, a kwantar da shi cikin gidan sauro, a auna dantsen duk mako.