Baldur's Gate 3: kurkukun Cazador ya biya ni kuɗin datata

Na sayi wasan kwamfutar nan ne saboda surutun da aka yi ta yi a kansa tun fitowarsa a 2023, kuma da farko Astarion, ɗaya daga cikin abokan tafiyarka a wasan, haushi yake ba ni. Mai shan jini ne, ga iyayi, ga baƙar magana. Ko da ya ce shekara 200 ya yi yana bauta a hannun ubangidansa Cazador, wani babban mai shan jini, ban ɗauke shi da muhimmanci ba, don irin waɗannan wasannin sun saba liƙa wa mutum labarin bauta kawai don a ji tausayinsa.

Sai da na sauka ƙarƙashin gidan Cazador a babi na uku jikina ya yi sanyi. Mutum 7,000 ne a kulle, an tanade su don tsafi, kuma wasu daga cikinsu Astarion ne da kansa ya yaudaro su ya kawo wa ubangidansa. Ɗaya ma, Sebastian, ya gane shi ta bayan ƙarafan, ya tambaye shi tsawon lokacin da ya yi a wurin. Har da yara. Wallahi na daɗe ban taɓa madannai ba. Wanda ya karanta tarihin gonakin rake na Jamaika ya san sau da yawa bulalar a hannun wani bawa ake damƙa ta, kuma wannan ne wasan ya kama daidai. Daga nan aka ba ni zaɓi: Astarion ya halaka fursunonin duka ya gaje ƙarfin Cazador, ko ya haƙura. Na hana shi. Kukan da ya yi bayan ya caccaka wa Cazador wuƙa ba na murna ba ne.

Amma fa ba kowa ya samu gatan a ba da labarinsa da zurfi haka ba. Karlach, wata abokiyar tafiyar, wadda tsohon ubangidanta Gortash ya sayar wa shaiɗaniya Zariel ta yi shekara 10 tana yaƙin dole, labarinta a gurguje ya ƙare a ganina. Bayin da ake sa wa aikin dole a Grymforge, wani wuri a ƙarƙashin ƙasa, kuwa na 'yanta su, suka yi godiya, aka wuce.

Ga nauyi kuma. Fiye da gigabayit 100 na sauke, kuma wanda ya sayar min da kwamfutar ya rantse za ta ɗauka. Ina shiga birnin Baldur's Gate a wasan ta fara ciccijewa, fanka na ihu. In taka irin tawa ce, ka gyara ta tukuna.